Taba: Ga Zaƙi, Ga Harbi

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran da muke rubutawa da Hausa ya san mutumin da zan ambata. Da zarar marubuci yana son ya nuna mana mugu, ko ɗan iska, ko yaron da ya gagari iyayensa, abu na farko da yakan yi shi ne ya soka masa karan taba a baki. Sai ka ji an ce ya zuƙa ya fesar, idanu jajir, leɓe baƙi ƙirin. Shi ke nan an gama da shi, mai karatu ya riga ya yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ya yi magana ba. Na daɗe ina koyar da Hausa a makarantar sakandare, kuma irin waɗannan littattafai sun ratsa hannuna da yawa, wasu na saya da kuɗina, wasu na karɓe daga hannun ɗalibai ana tsakiyar darasi. Amma har yau ban ci karo da wanda ya tsaya ya bayyana abin da mashayin nan yake ji a bakinsa da jikinsa ba, abin da ya sa yake gani tana cin kuɗinsa da lafiyarsa amma ya kasa rabuwa da ita.

To, 'yan'uwa marubuta, wannan giɓi shi ne dalilin wannan rubutu. Hausawa sun yi wa zuma kirari da cewa ga zaƙi ga harbi. Wanda ya ba yaro labarin harbin kaɗai, ya ɓoye masa zaƙin, ranar da yaron ya lasa zai ɗauka duk maganar ƙarya ce, har da ta harbin. Don haka zan ba ku labarin taba iri biyu da na sani, ta kakana da ta Turawa, in faɗi daɗinta yadda yake, in kuma faɗi abin da ke biyo bayansa.

Ni mutumin Karakkai ne, cikin ƙasar Bunguɗu. A can na buɗe ido na tarar da kakana na wajen uba yana noman taba a wata 'yar fadama da ya gada. Ba shi kaɗai ba ne, domin fadamun Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, sun daɗe da suna wajen wannan noma. Idan damina ta ja baya sai ya yi fage ya yafa iri, irin da ya fi na gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har sai an cuɗa shi da toka ko rairayi kafin a iya watsa shi daidai. In ya tsiro ya yi ƙwari sai a yi dashe, a bi shi da ban ruwa safe da yamma. Idan tabar ta fara fure sai ya bi ya karye kawunan, don ƙarfin ya koma cikin ganye. Furen nan ba ya zubewa a banza, kakata ce ke karɓewa, ita da ƙawayenta, su goge haƙora da shi su bi da goro, bakin ya yi ja wur. Ado ne na matan wancan lokaci.

Babban aikin yana farawa ne bayan an yanke ganyen. Ba a shanya shi a rana tsaka kamar kuɓewa. A inuwa yake rataye shi, cikin wata bukka, har ya sake launi daga kore zuwa ruwan ƙasa. Daga nan ya tara shi tsibi guda, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya rufe da tsofaffin tabarmi, ya bar shi ya yi zufa. Kullum sai ya cusa hannu cikin tsibin ya ji ɗumin. In ya ji zafi ya yi yawa ya warware ya juya, na ciki ya koma waje, na waje ya koma ciki. Ba ya duban kwanan wata, hancinsa ne ke gaya masa ta nuna. Sa'an nan a daka wani kashi a turmi tare da 'yar kanwa, ya zama taba gari, wani kashin kuma a bar shi ganye saboda masu lofe. Ran kasuwa ya ɗora wa jaki.

Nasa rabon yana cikin wata batta ta fata da ba ta rabuwa da aljihunsa. Bayan ya ci tuwon dare sai ya jingina da bango, ya buɗe battar, ya ɗebo da yatsa biyu ya zuba tsakanin leɓensa na ƙasa da dasashi, ya lumshe ido. A wannan lokaci ko rigimar gado aka kawo masa sai a jira. Wata rana, ina ɗan shekara takwas ko tara, na miƙa hannu na ce ya ɗanɗana mini. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai abokin takara, ka ƙwace mani mata, yanzu kuma battata kaka so? Wagga aba ba ta yara ba ta." Na ce to me yake ji in ya sa? Ya yi shiru, can ya ce, "Gajiya ta ka sauka." Ban sake jin wani ya bayyana daɗin taba a taƙaice kamar haka ba.

Ita dai taba ba 'yar ƙasar nan ba ce, baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gari. Asalinta nahiyar Amurka. A shekarar 1492 mutanen Kolombus, da suka sauka a tsibirin Kyuba, suka tarar da mazauna wurin suna naɗe busasshen ganye suna kunna masa wuta suna shan hayaƙin. Cikin shekara ɗari da 'yan kai ta game duniya, ta iso Afirka ta Yamma. Zuwanta ya tayar da muhawara tsakanin malamai, har Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu a kanta a 1607, inda ya ga ba haramun ba ce, wasu malaman kuwa suka saɓa masa. Malaman zamaninmu da yawa, bayan likitoci sun bayyana cutarwarta, sun tafi a kan hani. Wannan fage nasu ne, na bar musu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne daɗewarta: Baturen nan matafiyi, Barth, da ya ratsa ƙasar Katsina zuwa Kano a 1851, ya rubuta cewa ya ga gonakin taba a hanya. Da titin jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai ganyen fadamunmu ya sami hanyar fita tare da auduga da gyaɗa. A 1959 Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'anta a Zariya. Sannu a hankali sigari ta cikin kwali ta ture lofe da batta, har ya zama samarin zamaninmu suna ganin taba gari abin tsofaffin ƙauye ce.

Tabar ta biyu kuwa na haɗu da ita ne da girmana, ina da iyali. Ina da aboki da muka yi kwalejin horon malamai tare. Shi bai daɗe da alli a hannu ba ya koma kasuwa, Allah ya buɗa masa, yana zuwa Dubai saro kaya. Wani lokacin hunturu na kai masa ziyara gidansa a Gusau. Bayan mun ci abinci an kawo shayi, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan akwati na katako mai ƙamshi. Ya buɗe. A ciki ga wasu abubuwa a jere, kowanne ya kai kaurin babban yatsa, tsawonsa ya kusa taki guda, launinsu kamar na gasasshiyar gyaɗa, kowanne da ɗan zobe na takarda a wuya.

Ya ce, "Malam, ka san wannan?"

Na ce, "Alhaji, a hoto dai nake ganinta a bakin manyan Turawa."

Ya ce, "Daga Kyuba take. Guda ɗaya ta kusa kuɗin buhun masara. Kai da kake rubuce-rubuce, ka ɗanɗana ka sami abin ba da labari."

Turawa suna ce mata siga. Tun da kalmar ta yi karo da tamu sigar, wadda muke nufin kama ko tsari da ita, ni na fi son in kira ta tabar naɗi, domin abin da ya raba ta da sigari ke nan. Sigari yankakken ganye ne da inji ya ɗura cikin takarda. Ita kuwa tabar naɗi ta ƙwarai babu takarda a jikinta, ganye ne tsantsa tun daga ciki har waje, kuma hannun mutum ne ya naɗe ta. Ni ba mashayi ba ne, kuma na yi niyyar in ce masa na gode. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙamshin da ya taso daga akwatin. Wallahi bukkar kakana ce sak, ranar da ya ɗaga tabarmi daga kan tsibi. Na miƙa hannu na ɗauki ɗaya.

Shan ta ma da ƙa'ida. Alhaji ya ɗauko wani ɗan almakashi ya datse kan da ake sa wa a baki, kaɗan kawai, don kada naɗin ya warware. Ya ƙyasta ashana ya bar kan ya cinye, sa'an nan ya riƙa gasa ƙarshen tabar yana juya ta a hankali, kamar mai gasa masara, har bakin ya kama wuta ko'ina daidai. Ya miƙo mini, ya ce, "Kada ka haɗiye hayaƙin, ba sigari ba ce. Ka riƙe shi a baki kamar mai kurkure, ka sake shi. Kuma kada ka yi mata gaggawa, in ka matsa mata za ta yi zafi ta yi ɗaci."

Zuƙar farko yaji na ji, irin na masoro, ya bugi harshe ya hau hanci har idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, ashe abin da ake kashe wa kuɗi ke nan. Amma da na bi shawararsa na sassauta, ina yi ina ajiyewa, sai yajin ya kwanta, wani abu ya fito daga ƙarƙashinsa. Hayaƙin yana da kauri, kana jin nauyinsa a baki kamar kunu. Akwai ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, akwai na fatar da ta fito daga hannun majemi, akwai ɗan ƙauri mai daɗi irin na ƙanzon tukunya. Bayan ka saki hayaƙin sai wani ɗaci ya zauna a ƙarshen harshe, ɗacin da ke juyewa zaƙi in ka kurɓi shayi, kamar yadda goro yake yi in an bi shi da ruwa. Tokar ba ta zuba, tana nan fara a manne, tana ƙaruwa. Da wutar ta kai tsakiya sai ɗanɗanon ya ƙara duhu da ƙarfi, yajin ya dawo amma da nauyi. Sanyin hunturu yana kaɗawa, mu kuwa muna zaune a tsakar gida, hira tana tafiya a hankali, har akan yi shiru mai tsawo ba wanda ya damu. Kafaɗuna suka saki. Lissafin kuɗin makarantar yara da tarin takardun jarrabawa da ke jirana duk suka ja baya suka tsaya daga nesa. Sai maganar tsohon nan ta faɗo mini: gajiya ce ke sauka. Fiye da awa guda muka yi kafin ta kusa ƙarewa.

Ba zan rage wa wannan dare komai ba, na ji daɗinsa. Amma ga sauran labarin. Da na yunƙura zan tashi sai ƙasa ta juya, gumi mai sanyi ya keto mini a goshi cikin wannan hunturu, zuciya tana bugawa kamar ganga, cikina yana tashi. Alhaji ya yi dariya ya ce mai ƙarfi ce, ya sa aka ƙara mini shayi da sukari mai yawa. Na koma na zauna har abin ya lafa. Hayaƙin da ban haɗiye ba ko sau ɗaya, ga shi ya kai ko'ina a jikina.

Daga baya na bi diddigin abin a littattafai, kuma abin da na samu ya ƙara mini girmama kakana. Manoman yankin Pinar del Rio na Kyuba, inda ganye mafi suna yake fitowa, matakan da suke bi su ne nasa. Su ma suna karye furen. Su ma a inuwa suke busarwa, cikin rumfuna, wajen kwana 45 zuwa 50. Su ma suna tara ganyen tsibi-tsibi ya yi zufa, suna juyawa in zafi ya yi yawa. Wannan zufa ita ce sirrin, kamar dai yadda kalwa ba ta zama daddawa sai an rufe ta ta kwana. Bambancin shi ne su suna ƙara ajiye ganyen watanni, wani har shekaru, kuma suna rarrabe shi. Ganyen ƙasan itacen ba shi da ƙarfi amma yana cin wuta da kyau, na tsakiya shi ke da ƙamshi, na can sama wanda ya fi shan rana shi ne mai kauri da ƙarfi. In an ce tabar naɗi mai ƙarfi ce, to an yawaita na saman ne a cikinta. Mai naɗi yakan haɗa waɗannan su zama hanji, ya ɗaure da wani ganye a matsayin ɗamara, sa'an nan ya sa mata riga da ganye mai laushi marar tabo, ya liƙe kan da ɗan ƙaro. Cikin rigunan da ake ji da su a duniya har da ganyen Kamaru, maƙwabciyarmu.

Akwai kuma wani abu da zai ba ku sha'awa, ku marubuta. Tun daga 1865 masu naɗin taba a birnin Habana suka ɗauki al'adar ajiye mai karatu a ɗakin aiki. Yakan hau wani ɗan dandamali yana karanta musu jarida da littattafan labari da babbar murya, su kuwa hannu yana aiki kunne yana saurare, kuma a farkon al'adar daga cikin ladansu suke haɗa kuɗin biyansa. Shahararriyar tabar nan Montecristo, wadda aka fara yi a 1935, ta samo sunanta ne daga littafin marubucin Faransa Alexandre Dumas, wanda ma'aikatan suke son a karanta musu. Ke nan abin da na riƙe a hannu daren nan aikin talakawa ne masu haƙuri da gwaninta, irin kakana, ko da yake masu kuɗi ne ke ƙone shi.

Kamannin bai tsaya a nan ba. Abin da ke kama mutum a taba wani sinadari ne da ake kira nikotin. Hayaƙin sigari sai ya shiga huhu kafin nikotin ɗinsa ya ratsa jini sosai, shi ya sa ake haɗiye shi. Hayaƙin tabar naɗi kuwa yana da ɗabi'a irin ta kanwa, don haka fatar baki kaɗai ta isa ta tsotse shi. Wannan shi ne abin da ya juya mini ƙasa. Kuma wannan shi ne aikin kanwar da kakana ke dakawa cikin tabarsa: ita ke buɗe wa nikotin ƙofa ta dasashi. Tsohon bai san sunan sinadarin ba, amma ya san tabar da ba kanwa lami ce.

Yanzu ga harbin. Ina aji huɗu na sakandare wani ɗan ƙurji ya fito wa kakana a cikin leɓe, daidai inda yake ajiye tabarsa shekara da shekaru. Aka yi na gida, aka yi na asibiti a Gusau, ƙurji ya ƙi warkewa, sai faɗi yake yi. Da aka kai shi Zariya likitoci suka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Mutumin da ke cinye malmala uku ya koma sai koko, shi ma da cokali, a gefe guda na baki. Mai barkwancin nan ya koma magana da hannu. Abin da ba na mantawa shi ne, a cikin wannan hali, hannunsa yakan tafi aljihu da kansa yana laluben battar da aka riga aka ɓoye. Ya rasu a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Allah ya jiƙansa. Fadamar tasa ma yau ba mai noman taba a cikinta, ga kuma rashin tsaron da ya addabi ƙauyukanmu ya sa zuwa gona ya zama abin shawara.

Masu sayen tabar naɗi sukan ce ai su ba sa haɗiye hayaƙi, don haka sun tsira. Likitoci ba su yarda ba. Babbar tabar naɗi guda ɗaya tana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari cur, kuma tana jawo ciwon daji na baki da harshe da maƙogwaro ko ba a haɗiye ba. Sukan kuma kafa hujja da Churchill, Firayim Ministan Ingila, wanda ba a raba shi da ita amma ya kai shekara 90. Sai dai ba sa ambaton Janar Grant, shugaban Amurka na 18, shi ma mashayinta ne na gaske, wanda ciwon dajin maƙogwaro ya kashe a 1885, yana fama da rubuta tarihin rayuwarsa don iyalinsa su sami abin dogaro, ya kammala saura 'yan kwanaki ya cika. Shi kansa Fidel Castro, shugaban ƙasar da ke taƙama da ita, ya ajiye ta a 1985. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Ni dai tun daga daren nan ban sake ba. Alhaji ya yi tayi sau biyu, na ce masa gani ya kori ji, kuma na gani a wuri biyu.

Amfanin wannan sani ya zo mini a makaranta. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sha a makarantu. Amma kowa ya san mai teburin bakin hanya bai fasa ɓare kwali ba. Wata rana na kama wani ɗalibina, yaro mai ƙoƙari, a bayan ajujuwa da guntu a hannu. Aka yi masa horon da dokar makaranta ta tanada. Bayan ya gama na kira shi ofis, na fara yi masa nasihar da aka saba. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, na ga alamar maganar tana bi ta saman kansa. Can ya ce, "Malam, don Allah in yi tambaya?" Na ce ya yi. Ya ce, "Kullum ana ce mana wari ce kawai da ɗaci, ba ta da wani amfani. Ni kuwa in na sha sai in ji kaina ya yi sakayau, damuwa ta tafi. To wanne ne gaskiya?"

Na ce masa, "Abin da ka ji gaskiya ne. Tana da daɗi, kuma daɗin nan shi ne ƙugiyar. Ba a sa wa kifi ƙugiya tsirara." Na ga ya ɗago kai. Na gaya masa yadda nikotin ke saukar da gajiya na ɗan lokaci, da yadda jiki ke sabawa har ya zama rashinta ne ke kawo damuwar da take zuwa ta kwantar, mutum ya koma yana biyan kuɗi don ya ji yadda wanda bai taɓa sha ba yake ji kyauta. Na ba shi labarin kakana tun daga fadama har zuwa hannun da ke laluben aljihu. Bayan mako biyu ya dawo da ƙafarsa, ba wanda ya kira shi, ya ce, "Malam, yaya ake dainawa?" Na ce masa makon farko ne mai wuya, daga nan abin yakan yi sauƙi, ya riƙe asuwaki a baki in sha'awar ta taso, ya sake abokan zama, in ta faskara mu je asibiti tare. Da na ce masa abin da ya ji ƙarya ne, da ba zai sake tako ofishina ba.

Wannan shi ne saƙona gare mu. Ba cewa nake yi marubuci ya je ya sha taba kafin ya yi rubutu a kanta ba, Allah ya kiyaye. Mashaya suna nan a kowace unguwa, wasunsu iyayenmu ne, wasu malamanmu, mutanen kirki masu riƙon amana. A zauna da su a tambaye su yaushe suka fara, me suke ji, sau nawa suka yi yunƙurin bari, za a sha mamakin abin da za su faɗa. Sa'an nan in an zo rubutu a ba mashayin nan fuska da zuciya, a bar mai karatu ya so shi, ya zauna kusa da shi ya shaƙi ƙamshin, ya ji saukar gajiyar, kana a bi shi har ƙarshen hanya ba tare da an kau da kai ba. Haka abin yake ga caca, da kwaɗayin mulki, da kuɗin haram, da duk wani abu da muke son mu tsare matasa daga gare shi. Mai karatunmu na yau ba yaron goye ba ne, ya riga ya ga abubuwa, wani ma ya ɗanɗana. In ya kama mu da ƙarya a shafi na goma, ba zai yarda da wa'azinmu a shafi na ɗari ba.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya dukkanta, ya kuma sa alƙalumanmu su zama masu amfani ga na baya.